Hoton wane ne wannan? Tarihin yadda asibitoci suka koyi tara hotunan majiyyaci wuri ɗaya

1/ Jama'a, zaren yau da ɗan tsayi, ku gyara zama. 🧵

Bara na raka gwaggona wani asibiti. An ɗauki hoton ƙirjinta, likita ya ga wani ɗan tabo a huhu. Ya ce yana son tsohon hotonta ya kwatanta. Ya duba kwamfuta, babu. Ita kuma ta dage a nan aka ɗauke ta shekara uku da suka wuce.

2/ Ashe hoton yana nan. Tsohon katinta ne ya ɓata, aka buɗe mata sabo, aka rubuta sunan da wasu haruffa daban, aka ba ta sabuwar lamba. A idon kwamfuta mata biyu ne. Sai da wani ma'aikaci a sashen hoto ya zauna ya bincika, sannan ya haɗe fayilolin biyu.

3/ Aikin bai ci minti goma ba, amma bayansa akwai tarihin sama da shekara ɗari. Kuma in aka yi shi ba daidai ba, ana iya ɗora wa mai lafiya cutar wani, a sallami mai cutar a ce lafiyarsa lau. Bari mu faro daga tushe.

4/ Ranar 8 ga Nuwamba 1895, a garin Würzburg na Jamus, Wilhelm Röntgen ya gano wani haske da ido ba ya gani, amma yana ratsa takarda da katako da naman jiki. Bai san ko mene ne ba, ya sa masa suna X. A Disamba ya ɗauki hannun matarsa, ƙasusuwa suka fito har da zobenta. A 1901 aka ba shi kyautar Nobel.

5/ Da farko a kan farantin gilashi ake ɗaukar hoton. Ga nauyi, ga saurin fashewa. Lokacin Yaƙin Duniya na Ɗaya gilashin da ake samowa daga Beljiyam ya yanke, sai asibitoci suka karkata ga fim. Fim ya fi sauƙin ɗauka da ajiya, sai dai na farkon kamar fetur yake wajen kama wuta.

6/ Ranar 15 ga Mayu 1929 tarin fim ɗin da aka ajiye a ɗakin ƙasa na asibitin Cleveland Clinic a Amurka ya kama da wuta. Hayaƙi mai guba ya bi ginin, mutum 123 suka mutu. Bayan nan aka tsaurara dokar ajiya, aka koma wa fim marar saurin kamawa. Tun lokacin aka gane ajiyar hoto ma aiki ne mai zaman kansa.

7/ To a zamanin fim yaya ake tara hotunan mutum? Da babbar ambulan ɗin nan mai ruwan ƙasa. Suna da lamba a baya, suna da kwanan wata a kusurwar kowane fim. In aka gano mutum yana da ambulan biyu, sai a zaro na wannan a zura a waccan. Shi ke nan, an haɗe.

8/ Da yawanmu mun san irin ambulan ɗin, a saman wadurob ko ƙarƙashin katifar kaka. Matsalarta kwafi ɗaya ne tal. In likita ya tafi da fim ɗakin tiyata, ba wanda zai gan shi a wani ɗaki. In ya ɓata sai a sake ɗauka: ƙarin kuɗi, ƙarin hasken da jiki zai sha.

9/ Sai ga 1 ga Oktoba 1971. A asibitin Atkinson Morley da ke Landan aka ɗauki kan wata mata da sabuwar na'urar da Godfrey Hounsfield ya ƙera a kamfanin EMI. Wannan ne sikanin CT na farko a kan majiyyaci. Hoton ɗigo 80 sau 80 ne kacal, amma ya nuna inda cutar take a ƙwaƙwalwa.

10/ Abin lura a nan: wannan hoton a cikin kwamfuta aka haife shi, lambobi ne zalla. MRI ta biyo baya, ita ma haka. Amma shekaru da dama ana ci gaba da buga su a fim a zura a ambulan, don kowane kamfani da irin yadda yake rubuta lambobinsa, na'urar wani ba ta karanta na wani.

11/ Kamar kasuwa ce da kowane mai hatsi ya zo da mudunsa. Asibitin da ya sayi CT daga wannan kamfani, MRI daga wancan, ba shi da hanyar ganin hotunan mutum ɗaya a allo ɗaya. Kamfanonin kuwa abin bai dame su sosai ba, tunda in ka shiga hannunsu ka shiga ke nan.

12/ A Janairun 1982 masana suka yi taro a Newport Beach ta jihar Kalifoniya kan abin da ake kira PACS. Ku ɗauke shi a matsayin rumbun hotunan asibiti: duk na'urori su tura hoto wuri ɗaya, duk likitan da ke da izini ya buɗe daga teburinsa. Sai dai rumbu ba ya aiki in ba mudu ɗaya.

13/ A 1983 ƙungiyar likitocin hoto ta Amurka, ACR, da ƙungiyar masu ƙera kayan lantarki, NEMA, suka kafa kwamiti. Ƙa'ida ta farko ta fito 1985, ta biyu 1988. Su biyun sun dogara da wata waya mai baki 50 da ke haɗa na'ura ɗaya da ɗaya kawai. Sun yi ƙoƙari, amma ba su wadatar ba.

14/ Ta uku ce ta zauna. Ta fito 1993 da sunan DICOM, kuma tana tafiya a kan irin hanyar sadarwar da intanet ke amfani da ita. A shekarar nan asibitin tsofaffin sojoji na Baltimore ya fara aiki kusan ba fim. Hammersmith a Landan ya bi sahu cikin shekarun 1990.

15/ Yanzu ku natsu, nan ne zuciyar zancen.

Fayil ɗin DICOM ba irin hoton wayarka ba ne. Kowane hoto yana ɗauke da takardar shaidarsa a cikinsa: sunan majiyyaci, lambar kati, ranar haihuwa, ranar ɗauka, irin na'ura, wane sashen jiki, dama ko hagu.

16/ Kowane bayani da adireshinsa. Suna yana 0010,0010. Lambar kati tana 0010,0020. Ranar haihuwa tana 0010,0030. Na'urar da ke Kano da ta Yamai da ta Tokyo duk a wuri ɗaya suke ajiye su. Mudun da ake nema ke nan.

17/ An tsara komai hawa huɗu:

• majiyyaci
• zama, wato zuwa ɗaya da aka yi aka ɗauke ka
• jeri, wato rukunin hotuna cikin zaman
• hoto ɗaya

Misali CT na ciki zama ɗaya ne. Jeri ɗaya kafin allurar da ke haska jijiyoyi, wani bayanta. Kowane jeri na iya kai hotuna ɗaruruwa.

18/ Kowane zama, kowane jeri, kowane hoto yana da lambarsa da bai kamata a maimaita ta ko'ina a duniya ba. Lambobi ne da ɗigo-ɗigo, tsawonta har 64. Ta zama tana 0020,000D. Rumbu ba ya kallon hoto ya ce wannan ƙirjin wance ne. Lambobin nan kawai yake bi yana jerawa.

19/ Kun ga inda gizo ke saƙa? A farkon zamanin, ma'aikacin ɗaukar hoto da hannunsa yake buga suna da lamba a jikin na'ura, ga layi yana jira. Ya buga harafin O maimakon sifiri, ko ya juya lamba biyu, sai rumbu ya buɗe sabon mutum da babu shi. Hoton bai ɓata ba, amma nemo shi sai an sha wuya.

20/ Magani na farko shi ne a daina bugawa da hannu. Tun 1987 akwai HL7, ƙa'idar da manhajojin asibiti ke aika wa juna saƙo da ita. A tsakiyar shekarun 1990 aka ƙara wa DICOM jerin aiki: na'ura ta jawo sunayen waɗanda aka yi wa rajista, ma'aikaci ya danna na wanda ke gabansa.

21/ Aka kuma ba kowace buƙatar likita lambar oda. Ita ke ɗaure abu huɗu: abin da likita ya nema, hoton da aka ɗauka, rahoton da aka rubuta, da kuɗin da aka caza. Kuskure ya ragu ƙwarai. Sai wani sabo ya shigo: ma'aikaci ya danna sunan da ke sama ko ƙasa da wanda yake nufi.

22/ Ga kuma gaggawa. An kawo wanda ya yi haɗarin mota, ba ya cikin hayyacinsa, ba wanda ya san sunansa. Ba za a jira rajista ba. Sai a ba shi sunan wucin gadi a ɗauki hoton kansa. Washegari dangi su zo, a gano yana da tsohon kati a asibitin. Dole a haɗe.

23/ Saboda irin wannan, a 1998 manyan ƙungiyoyi biyu, RSNA da HIMSS, suka kafa wani shiri mai suna IHE. Aikinsa rubuta dalla-dalla wa zai aika wane saƙo, yaushe, ga wa. Har suna tara injiniyoyin kamfanonin da ke gasa da juna a zaure ɗaya na kwanaki, kowa ya jona na'urarsa da ta ɗan uwansa a gwada.

24/ Cikin abin da suka tsara akwai daidaita bayanan majiyyaci. Ofishin rajista ya aika saƙon HL7 mai lamba A40, ma'anarsa: lambobin katin nan biyu mutum ɗaya ne, a riƙe wannan, a ajiye waccan. Saƙon ya isa rumbun hoto da sauran manhajoji, kowa ya gyara nasa.

25/ Darasin da aka koya da wahala: daga rajista ake fara gyara, sannan ya gangaro. In ka gyara a rumbun hoto kaɗai, ofishin rajista da ɗakin gwajin jini suna nan da mutum biyu. Zuwan majiyyacin na gaba, matsalar ta dawo sabuwa fil.

26/ To haɗewar kanta iri uku ce, kuma ana yawan cakuɗa su:

• haɗe majiyyaci: kati biyu, mutum ɗaya
• haɗe zama: ɗauka ɗaya ce ta rabu gida biyu
• rabawa ko matsarwa: hoton wani ya faɗa cikin zaman wani, a cire shi a kai inda ya dace

27/ Na biyun mu ma mun san dalilinsa. Ana tsaka da sikanin aka ɗauke wuta. Kafin janareta ya tashi na'ura ta mutu. Aka kunna, ta buɗe sabon zama da sabuwar lamba. Rabin hotuna a nan, rabi a can. Likitan da ya buɗe ɗaya kawai zai rubuta rahoto a kan rabin ciki.

28/ Me manhaja ke yi in aka ce ta haɗe? Ba ta taɓa hoton kansa. Takardar shaidar take sake rubutawa: ta ɗauki jerin zama na biyu, ta sa musu lambar zama na farko, ta daidaita suna da lambar kati da lambar oda. Sau da yawa tana ba hotunan da ta gyara sabbin lambobi, don kada a rikita su da tsofaffin.

29/ Kuskure biyu ake tsoro, kuma ba nauyinsu ɗaya ba. Na farko, mutum ɗaya ya rabu biyu, kamar gwaggona. Tarihi ya ɓuya, a sake ɗauka, a yi asarar kuɗi da lokaci. Na biyu, mutum biyu su narke su zama ɗaya. Wannan shi ne mai kisa, don likita ba ya ma sanin akwai abin da zai yi shakka a kai.

30/ Kuma warware shi ba wasa ba ne. Kafin a farga an rubuta rahoto, an ƙona faifan CD an ba dangi, an tura kwafi wani asibitin. Ka gyara naka rumbun, amma kwafin da ya fita yana can yana yawo da sunan da ba nasa ba.

31/ Shi ya sa daga baya IHE ta fito da tsarin soke hoto. Ba a goge shi a ɓoye. Ana rubuta takardar sokewa mai faɗin dalili: hoton bai yi kyau ba, ko yana da haɗari ga majiyyaci, ko an danna sunan da ba shi ba. Takardar ta bi sauran rumbuna. Manhaja ta gari kuma tana ajiye wa ya haɗe, da ƙarfe nawa.

32/ Wani abin sha'awa: na'urorin sikanin ciki, irin wanda ake yi wa masu juna biyu, sukan buga suna a jikin hoton kansa. Ko an canza takardar shaida, wancan sunan yana nan daram. Wani lokaci ciwon kai ne, wani lokaci kuma shi ke tona asirin haɗewar da aka yi bisa kuskure.

33/ Wani zai ce, a ba kowa lamba ɗaya mana a huta. Ingila ta yi, lambar NHS mai adadi 10 tun 1996. Amurka ma dokar HIPAA ta 1996 ta ce a yi, amma daga 1998 majalisa ta hana kashe kuɗi a kai saboda tsoron tona sirrin mutane. Sai asibitocinsu suka dogara da lissafin kamanceceniya.

34/ Tushen lissafin ya girmi PACS. A 1969 Ivan Fellegi da Alan Sunter, masana ƙididdiga a Kanada, suka tsara shi. Ana ba kowane daidaito maki: suna, ranar haihuwa, adireshi. Sunan da ba a cika samu ba ya fi maki. Maki ya yi yawa a haɗe, ya yi kaɗan a bari, na tsakiya a miƙa wa ɗan Adam ya duba.

35/ Yanzu ku kawo wannan lissafin gida. Muhammad, Mohammed, Muhammadu, Moh'd, Mamman. Ka tsallaka Maraɗi ko Damagaram ka ga Mahamadou da Mamane. Usman a nan, Ousmane a can. Mutum ɗaya yana iya samun rubutu uku a asibiti ɗaya, kuma layi ɗaya na iya ɗauke da mutum biyar masu suna iri ɗaya.

36/ Ranar haihuwa fa? Dattawa da yawa shekara kawai aka kintata, sai magatakarda ya sa 1 ga Janairu. Gurbin suna a DICOM an gina shi kan sunan dangi da sunan yanka. Mu kuwa yau sunan uba, gobe na kaka, jibi na gari, mace kuma wani lokaci na miji.

37/ Ga Hassan da Husaini: uba ɗaya, rana ɗaya, gida ɗaya, lambar waya ɗaya. Ga haruffanmu masu lanƙwasa. DICOM na yau yana iya ɗaukar ƙ da ɗ da ɓ, amma in na'ura tsohuwa ce ko ba a saita ta ba, Ɗanladi ya zama Danladi, ko alamar tambaya ta maye gurbin harafin.

38/ Akwai kuma wanda mu ke jawowa da hannunmu: aron kati. Ƙanwa ta je da katin yayarta don kada a biya kuɗin buɗe sabo, ko don inshora. An rage 'yan nairori yau, amma hoton ƙanwa ya zauna a tarihin yaya. Ba manhajar da za ta gano wannan, don a wurinta komai daidai yake.

39/ Sai hoton allo da ake turawa ta WhatsApp. Takardar shaida ta tafi gaba ɗaya. Hoton CT yana da dubban matakai tsakanin fari da baƙi, wanda likita ke juyawa ya ga ƙashi ko huhu. Hoton waya 256 kawai yake riƙewa, kuma yanka ɗaya ne cikin ɗaruruwa. Don neman shawara cikin gaggawa yana taimakawa, amma ba ya maye gurbin fayil.

40/ Mu koma ga gwaggo. Da aka haɗe, likita ya jera tsohon hoto da sabo gefe da gefe. Tabon yana nan tun wancan lokacin, girmansa bai canza ba. Likitocin hoto sun daɗe suna ɗaukar irin tabon da ya shekara biyu bai ƙaru ba a matsayin alama mai kwantar da hankali. Ya ce a ci gaba da lura kawai.

41/ Da ba a samo tsohon hoton ba, da sai CT, wataƙila har a ɗebi nama a gwada, ga kuɗi, ga makonnin fargaba. Da kuma ma'aikacin ya haɗe ta da wata mai irin sunanta, da likita ya kwatanta ƙirjinta da na baƙuwa. Shi ya sa ya tambaye ta sunan unguwa da shekarar da ta zo kafin ya danna komai.

42/ Ga 'yan kwamfuta da ɗaliban sashen hoto: akwai Orthanc, ƙaramin rumbun DICOM na kyauta da Sébastien Jodogne ya fara a asibitin jami'ar Liège ta Beljiyam, ya fito 2012. Yana hawa laftof, yana da haɗe zama da raba shi. Ku koya da hotunan gwaji da aka cire wa suna, kada ku taɓa na majiyyata.

43/ Ga mu sauran, abin da ke hannunmu:

• ka tsayar da rubutun sunanka ɗaya da ranar haihuwa ɗaya, irin na katin shaidarka
• ka ɗauki hoton katin asibitinka da na iyayenka a waya
• in kati ya ɓata, ka ce a nemo tsohuwar lamba kafin a buɗe sabuwa
• kada ka ara, kada ka ba da aro

44/ Da kuma:

• kafin ka bar sashen hoto, karanta suna da lamba da shekaru a kan rahoton
• ka nemi kwafin fayilolin a CD ko filash, ka adana
• ka gaya wa likita inda aka taɓa ɗaukar ka da shekarar
• in ka ga hoton da ba ka san an yi maka ba a fayil ɗinka, ka yi magana nan take

45/ In ma'aikacin hoto ya sake tambayar ka sunanka da na mahaifinka bayan an tambaye ka a rajista, kada ka ɓata rai. Aikinsa yake yi, kuma kai yake karewa.

Wa ya taɓa samun kati biyu a asibiti ɗaya, ko aka miƙo masa sakamakon wani? Ku ba mu labari a ƙasa, ba tare da ambaton suna ba. Ku tura wa mai raka iyaye asibiti a gidanku.